An Kulle Muryar Baffa Hamani

Aziza tana tsugune ƙarƙashin teburin watsa shirye-shirye, tana neman wayar da ke sa mikro, abin magana, ƙugi, sai ta ji an banko ƙofa. Ta ɗago kai ta ga Samba tsaye, rungume da ordinatarsa, wato kwamfuta, a ƙirji, idanunsa jajur.

"Aziza, don Allah ki duba mini wanga abu. Ya kulle."

"Ko ina kwana babu, Samba?"

"Ina kwana. Ki duba."

Samba Bafillace ne mai busa sarewa, yana da ɗan ɗakin ɗaukar waƙa a bayan tashar Dakoro. Aziza kuwa ita ce mai kula da na'urorin gidan rediyon garin. Lokacin da ta gamo karatun informatik, ilimin ordinata, a Maradi ta dawo gida, ta tarar duk mai haɗa kiɗa a garin da manhajar sata yake aiki, irin wadda ake kwafa hannu da hannu, yau ta yi gobe ta ƙi. Abin ya tsaya mata a rai. Sai ta zauna ta tattaro manhajojin kiɗa waɗanda masu su suka sake wa duniya, irin su Ardour, ta jera su bisa Linux, ta ɗaure su ƙunshi guda cikin ɗan kile ɗin nan da ake soka wa ordinata, yadda mutum zai girka su ko babu rezon intanet. Ta daidaita sauti don kada murya ta riƙa makara bayan kiɗa ko a tsohuwar na'ura. Ta sa aiki ya riƙa ajiye kansa akai-akai saboda yawan ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Ta mayar da sunayen maɓallai Hausa. Ta raɗa wa ƙunshin suna Ƙwarya, ta ɗora masa lasisin GPL, wanda yawancin manhajojin cikinsa ke ɗauke da shi. Duk wanda ya zo da kile sai ta kwafa masa ya tafi. Samba yana cikin na farkon da suka karɓa.

Amma wannan ordinatar ba wadda ta sani ba ce. Sabuwa ce fil. Da ta kunna, sai wani tambari mai ruwan zinariya ya cika fuskar na'urar, an rubuta Mahbuson Pro. Ƙarƙashinsa da Faransanci an ce wa'adin lasisi ya ƙare, a sa lambar sabuntawa.

"Ina ka samo wagga?"

Samba ya sunkuyar da kai. Tsohuwar na'urarsa ce ta mutu bara, ya tafi Maradi sayen wata, ya faɗa shagon Mahbub. Mahbub ɗan kawun Aziza ne, taubashinta, mai shagon wayoyi da ordinatoci. Shi ya ce wa Samba Ƙwarya ta ƴan koyo ce, ga ta ƙwararru nan an zo da ita daga Dubai, sai dai ana sabunta ta shekara-shekara. Samba ya saya, kunya kuma ta hana shi gaya wa Aziza.

"To, ka je ka sabunta mana. Mi ya kawo ka wurina?"

"Na biya shi tun wancan wata. Lambar da ya turo ba ta buɗe ba. Ya turo wata, ita ma haka. Yanzu ko wayata ba ya ɗauka." Ya dafa na'urar. "Baffa Hamani na ciki, Aziza."

Sai a nan ta ajiye abin da ke hannunta. Hamani ƙanen mahaifin Samba ne, tsohon makiyayi a wajen Tagriss, shi kaɗai ya rage wanda ya riƙe waƙoƙin shanu na danginsu da busarsu tun daga farko har ƙarshe. Samba ya kwashe damina guda a rugarsu da wannan na'ura da ɗan faifan hasken rana, yana ɗaukar tsohon safe da yamma, duk lokacin da numfashinsa ya yarda. Da kaka ta yi, Allah ya yi wa Hamani rasuwa. Aziza har gaisuwa ta je wa Samba.

Ta ciro nata kile daga jaka ta soka, ta tayar da na'urar ta cikinsa, ta bi ta bayan tambarin ta leƙa. Ba ta daɗe ba ta gane abin da ke ciki. Ƙwarya ce. Jerin manhajojin nata ne, saitin sautin nata ne, har Hausar maɓallan tata ce. An dai shafa fenti a sama. An goge sunanta, an goge sunayen mutanen da suka rubuta manhajojin, an cire takardar lasisi gaba ɗaya. A cikin ɗan shirin da ta rubuta da hannunta don buɗe komai, an ɗinka wani baƙon abu, shi ne makullin. Ta tuna ranar da Mahbub ya zo gidansu yana dariya, ya ce ta ba shi kile ɗaya zai kai wa wani abokinsa.

Ta danne zuciyarta ta nemi ma'ajiyar aikin Samba. Sunayen waƙoƙin na nan a jere. Ta buɗe ta farko, sai shuuu kamar ruwan sama bisa kwano. Ta buɗe ta biyu, haka. Makullin ba ƙofa kaɗai ya rufe ba. Ranar da wa'adi ya cika ya bi sautukan ɗaya bayan ɗaya ya hautsina su, yadda ba mai warware su sai wanda ke riƙe da mabuɗin asali.

"Ina ka kwahe su? Ka ce mini kana da su wani wuri."

Samba ya girgiza kai.

"Samba! Sau nawa na hwaɗa muku? Abin da ke wuri guda bai wanzu ba! Tsoho ya ba ka numhwashinshi na ƙarshe, ka kasa sa shi cikin kile?"

"Na gwada!" Shi ma ya ɗaga murya, abin da ba ta taɓa ji ya yi ba. "Tun a ruga na gwada. In na sa kile sai ta ce an hana. Na kira Mahbub, ya ce kariya ce don kada ɓarayi su sace mini aiki. Har godiya na yi mishi."

Aziza ta koma kan na'urar. Ta jawo wani babban faifan ajiya na rediyo ta kwafe duk cikin na'urar kafin ta taɓa wani abu. Daga nan har la'asar tana gwada duk dabarar da ta sani. Ta rubuta wa wasu abokan aikinta na nesa, waɗanda suke taimakon juna a harkar manhajar kyauta. Amsarsu ɗaya ce. In babu mabuɗin, ko tushen rubutun makullin da za a duba a ga yadda aka ƙulla shi, to sai haƙuri.

Ranar kasuwa Mahbub yakan zo Dakoro ya taya mahaifinsa sayen wake. Aziza ta jira ranar. Da hantsi ta ɗauki Samba suka nufi rumbun Alhaji Sha'ibu, kawunta, wan mahaifiyarta. Suka tarar da shi bisa tabarma a inuwa yana jan carbi, mata daga Sabon Maci da Birnin Lalle suna sauke kwandunan wake ana aunawa. Mahbub yana jingine da buhuna cikin farar shadda, wayoyi biyu a hannu.

Ta durƙusa ta gaida kawunta yadda ya kamata. Mahbub ya hango ta ya washe baki.

"A'a, yau injiniya ce da kanta? Taubashiya, kin zo awon wake ko kin zo roƙon shi?"

Ba ta ko kalle shi ba. "Kawu, ƙara na kawo."

Alhaji ya sa aka matsar da masu awo gefe. Aziza ta zayyana komai. Da ta gama, Mahbub ya yi dariya.

"Baba, ka ji fa. Abu ne ta ce kyauta, kowa ya ɗauka. Na ɗauka. Ko ba kyauta ba ne ma, kayan taubashi ai ganima ne."

Alhaji ya gyara zama. "Ɗiyata, ni ban san harkar na'urorinku ba. Amma abin da na sani, in ka ba da sadaka ta hita hannunka. Wanda ya amsa ko ya ci, ko ya saida, ruwanshi. In kuwa rabonki kike so cikin riba, wannan magana ce ta gida, sai a zauna."

"Ba riba nike so ba, Kawu. Ya saida, ba wanda ya hana shi. Lasisin da kanshi ya yarda a saida. Sharaɗin dai shi ne, yadda ka same shi a buɗe, haka za ka miƙa shi a buɗe. Kada ka goge sunan masu shi. In ka canza wani abu, ka ba wanda ka saida ma tushen abin da ka canza, ya gani da idonshi. Mutanen da suka rubuta abubuwan ga ba su san Dakoro ba, ba su san ni ba, suka yarda da ni bisa wanga alkawali. Ni ma bisa shi na ba Mahbub. Shi kuwa ya goge sunayensu, ya ce daga Dubai, ya ɗaura makulli."

"Wa ke karanta lasisi a ƙasar ga?" in ji Mahbub. "Takarda ce ta Turawa. Ni ɗan kasuwa ne. In ban sa makulli ba, na saida ma mutum guda gobe gari duka na da shi."

"Gari duka na da shi tun kahin ka sa hannu, maƙaryaci!"

"Aziza," in ji Alhaji da kakkausar murya. "Gabana kike."

"Yi haƙuri, Kawu."

Alhaji ya juya ga Samba, wanda tun zuwansu yake tsaye da na'urarsa. "Kai kuma, bawan Allah, mi ke naka ciki?"

"Baffana ke ciki, Alhaji. Ya rasu. Muryarshi nike so, shi ke nan."

Alhaji ya daina jan carbi. Shi mutum ne mai tsoron hakkin mamaci. Ya dubi ɗansa. "Buɗe mishi. Yanzu, a nan."

Mahbub ya fara lalubar waya. Ya ce rezo ba kyau. Ya ce sai ya koma Maradi. Ya ce akwai wanda ke kula da wannan sashen. Alhaji ya sake maimaitawa, a karon nan bai ɗaga murya ba, kuma duk wanda ya san shi ya san wannan ta fi tsawa. Sai fara'ar Mahbub ta zube, gaskiya ta fito guntu-guntu. Ba shi ya rubuta makullin ba. Wani ne mai suna Alhusaini, da ya taɓa zama a shagonsa yana gyaran waya, shi ya ɗinka masa. Duk mai sabuntawa, Alhusaini ne ke fitar da lamba daga tasa na'urar. Sun ɓata kan wata magana, Alhusaini ya kwashe kayansa ya bi hanyar Agadas, an ce Aljeriya ya nufa. Lambarsa ta daina shiga. Lambobin da Mahbub ya turo wa Samba tsofaffi ne na wasu mutane, ya tura ne ko Allah zai sa a dace.

"Tushen rubutun fa?" in ji Aziza. "Bai bar maka ba?"

"Ban tambaye shi ba. Mi zan yi da shi?"

Ta miƙe tsaye. Ta manta da kawu, ta manta da matan da suka bar awo suna kallo.

"Mi za ka yi da shi? Shi ne abu guda da aka ce ka riƙe ka ba mutane! Da ka bi takardar Turawan da kake rainawa, da yau na zauna na duba yadda aka ƙulla, ƙila a warware. Ka kulle ɗakin mutane, ka ba wani mabuɗi, ka bar shi ya shiga hamada da shi, kana nan kana kiran mutane taubasai! Kuma da hannuna na ba ka. Da aikina ka yi wannan ta'asa!"

"Ai ban san zai hautsina kayan mutane ba! Ce mishi na yi ya sa ta daina buɗewa kawai."

"Ba ka sani ba don ba ka duba ba. Ba ka duba ba don ba ka iya ba. Ka saida abin da ba ka san cikinshi ba."

Alhaji ya ɗaga hannu, wurin ya yi tsit. Sannan ya ce wa Samba ya yi haƙuri, ƙaddara ta riga fata, za a saya masa sabuwar na'ura wadda ta fi wannan, a haɗa masa da abin da zai rage zafi. Samba ya dube shi, ya dubi Mahbub, ya gyara riƙon ordinatarsa, ya juya ya tafi.

"Mutum nawa ka saida ma?" Aziza ta tambayi Mahbub.

Ya ɗaga kafaɗa. Da dama. A Maradi, a Tasawa, a Madawa, har da wasu daga Jibiya da Katsina.

"Duk wanda shekararshi ta cika, abin da ya samu Samba zai same shi. Ka ba ni sunayensu in kira su tun kahin lokaci."

"In ba ki sunan masu sayen kayana ki ɓata ni? Ba ki da hankali."

"Ɗiyata," in ji Alhaji, "za a bi su a hankali, cikin ruhin asiri. Ɗan'uwanki ne. In ya tozarta, gidanmu ya tozarta, har da uwarki."

"Yaushe za a bi su, Kawu?"

"In Allah ya yarda."

Ta jira mako guda. Ta kira Mahbub, bai ɗauka ba. Ta aika masa saƙo cewa ta yarda ta gyara wa kowa ba tare da ta ambaci sunansa ba, ya dai turo mata mutanen. Ya amsa da hoton fuska mai dariya. A cikin makon wani mai ɗaukar wa'azi daga Tasawa ya kira ta, an ba shi lambarta, tasa na'urar ta kulle da karatun malaminsu na azumin bara gaba ɗaya a ciki.

Washegari, bayan labaran rana, mai gabatarwa ya fita shan ruwa. Aziza ta zauna a kujerarsa ta buɗe mikro. Ba ta taɓa magana a iska ba sai ran nan. Ta ce duk mai ordinatar da ke nuna tambarin Mahbuson Pro ya kashe ta yanzu, kada ya sake kunnawa, ya kawo ta ko ya kira wannan lamba, domin in wa'adinta ya cika za ta lalata duk abin da ke ciki, kuma ba mai iya gyarawa. Ta maimaita da Faransanci. Ba ta kira sunan kowa ba, amma sunan na cikin tambarin. Kafin magariba wani ya naɗi maganar a waya, ta zaga Maradi, ta tsallaka iyaka.

Shugaban rediyon ya kira ta ofis. Alhaji Sha'ibu ne ke ɗaukar nauyin shirin farashin hatsi tun kafuwar gidan, kuma ya aiko a dakatar.

"Wa ya ba ki izinin buɗe mikro?"

"Ba kowa."

"To ki aje mabuɗan ɗakin na'urori. In an nemi ki za ki ji."

Ta ajiye su bisa tebur da ƙarfin da ya sa kofin shayinsa ya yi tsalle.

A gida abin ya fi ciwo. Mahaifiyarta, Saratu, tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago kai ba.

"Kawunki da ya biya miki kuɗin lakwal, ya sa ki makaranta tun kina ƙarama, shi kika kai ma gidanshi wuƙa a rediyo."

"Inna, kayan mutane za su halaka."

"Mutanen Tasawa ne suka rene ki? Ran da ubanki ya mutu, su suka kawo hatsi gidan ga?"

Aziza ta juya. Ta shige ɗaki tana huci, ta zauna bakin gado, hawayen takaici na zuba tana share su da ƙarfi kamar su ma sun yi mata laifi.

Mutane suka fara zuwa. Da yake ba ta da ofis, Samba ya share mata rabin ɗakinsa na bayan tasha. Direbobin Maradi suka riƙa sauke ordinatoci naɗe cikin zane ko cikin buhun shinkafa, kowace da lambar mai ita manne a jiki. Wadda wa'adinta bai cika ba, Aziza takan tayar da ita da kile ɗinta yadda makullin ba zai farka ba, ta kwashe aikin mutum ta ajiye gefe, ta share na'urar tas, ta girka Ƙwarya, ta daidaita sautin da irin mikro ɗin mai ita, ta mayar masa da kayansa. Wanda ya zo da kansa takan zaunar da shi ta karanta masa lasisin da Hausa, ko yana so ko ba ya so. Wasu suka yi godiya. Wani mai waƙar biki daga Madawa ya ce shi bai yarda da abin kyauta ba, a mayar masa da mai tambarin zinariya. Ta miƙa masa na'urarsa ta nuna masa ƙofa. Waɗanda tasu ta riga ta kulle kuwa, ba abin da take iya yi sai ta gaya musu gaskiya, ta ga yadda fuskarsu ke sauyawa.

Wata rana da azahar Mahbub ya faka mota a ƙofar ɗakin, ya shigo ba sallama.

"Kin ji daɗi? Na ruhe shago. Mutane na zuwa har gida suna zagin matata."

"Ka kawo sauran sunayen?"

"Ke wace irin mace ce? Jini bai gaya miki komai?"

"Ya gaya mini. Shi ya sa na zo wurin Kawu kahin in tahi rediyo. Da wani ne, da wurin jandarma na kai shi."

"Wallahi ba ni ba ke har abada."

"Allah ya sa. Ka bar sunayen bisa tebur in za ka hita."

Bai bari ba. Ya buga ƙofa har allon da Samba ya manna don tare sauti ya faɗo.

Samba bai daina neman Alhusaini ba. Ya bi ta wajen wani direban Agadas, direban ya haɗa shi da wani Buzu mai suna Agali da ke zuwa Tamanrasat ta Aljeriya, Agali ya yi ta tambaya har ya samo shi yana aikin gini. Saƙon muryar da Alhusaini ya turo gajere ne. Ya ce a yafe masa. Na'urar da mabuɗin ke ciki ya sayar da ita a hanya don ya cika kuɗin mota, kuma wanda ya saya a gabansa ya share ta. Samba ya saurara, ya miƙa wa Aziza wayar, ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Bayan ƙaramar salla, ranar wata kasuwa, motar Tagriss ta sauke wata tsohuwa siririya mai baƙin zane, da ƙwaryar nono a kai. Ta yi ta tambaya har aka kawo ta ɗakin. Inna Balkisu ce, matar marigayi Hamani. Samba ya yi mata alkawari tun ranar zaman makoki cewa in ya gama aiki za ta zo ta ji muryar mijinta. Bai taɓa gaya mata abin da ya faru ba.

Ya shimfiɗa mata tabarma, ya kawo ruwa. Suka gaisa da Fulatanci gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa da komai. Sannan ta gyara zama ta fuskanci manyan lasifikan da ke jikin bango, ta naɗe hannuwa bisa gwiwa, tana jira.

Samba bai kunna komai ba. Ya dubi Aziza. Ita ta yi maganar, a hankali, shi yana juyawa da Fulatanci. Ta ce wani ɗan'uwanta ne ya sa makulli a na'urar don neman kuɗi, mabuɗin ya ɓata, ba a iya buɗewa. Ba ta rage komai ba, ba ta ce ƙaddara ba.

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Ta yi wata tambaya gajera.

"Tana tambaya," in ji Samba, "wai ko shina nan ciki har yanzu." Ko a nan ba ta kira sunan mijinta ba.

"Shina nan," in ji Aziza. "Ba a goge ba. Ba a dai iya ji."

Inna Balkisu ta sake magana, ta miƙo tafin hannu.

"Ta ce a ba ta wurin da yake."

Aziza ta dubi Samba, ya gyaɗa kai. Tana da kwafin komai a ajiye. Ta ɗauko sukuddireba ta kwance bayan ordinatar Samba, ta zaro faifan ajiyar, ɗan abu da bai kai tafin hannu ba, ta sa shi cikin leda ta miƙa mata da hannu biyu. Tsohuwar ta juya shi, ta duba gaba da baya, ta ƙulle shi a bakin zanenta inda take ƙulle kuɗin nono. Ta bar musu ƙwaryar nonon. Ta ƙi tsayawa cin abinci, ta ce motar ba ta jira.

Suka raka ta tasha. Samba ya taimaka mata ta hau bayan motar tsakanin buhuna da awaki, ta zauna ta dafe ƙullin da hannu ɗaya. Da motar ta tashi, Samba ya ce wa Aziza ta zo su koma, akwai na'urori biyu daga Jibiya da ke jira.

"Ka yi gaba," in ji ta. "In na taɓa na'urar wani yanzu, sai na hwasa ta."

Ta tsaya a bakin tasha cikin rana, haƙoranta a cije, har motar ta sha kwana.